Mai Ba Ya Matsuwa

Ƙarfe shida a Rotherham, gari bai waye ba,
ruwa na ƙwanƙwasa kwanon garejin Malcolm.
An kawo katafila a bayan tirela,
hannunta ya saki, cokalinta na shan ƙasa.
Direban ya rantse jiya da yamma a sama ya bar shi.

"Tanimu," in ji tsohon, "kwance mata dantse."

Na ɗora silindar a kan benci.
Bututun ƙarfe ce kawai,
tsawonta ya kai ni, nauyinta ya fi ni.
A cikinta fistan, zagayayye kamar faifai,
a jikinsa sanda mai sheƙi
da ke nuna mini fuskata a karkace.
Ƙofa biyu gare ta, ɗaya a gindi, ɗaya a wuya.
Mai ya shiga ta gindi, sanda ta fito,
ya shiga ta wuya, ta koma ɗaka.
Iyakar karatun ke nan,
shekara uku ina bita ban sauke ba.

Ranar da na fara, sirinji ya miƙo mini.
Ya ce toshe bakin da yatsa, danna.
Iska ce a ciki. Ta takure, ta ba ni hanya.
Ya cika shi da mai, ya ce sake.
Na danna har jijiyar wuyana ta tashi.
Ko gezau.
Iska tana jin lallashi,
shi kuwa mai, matsa shi nan, ya kai ƙara can,
ya sauke saƙonka a kan fistan
bai taɓa ko kwabo a hanya ba.

In fistan ya yi faɗi, ƙarfi ya ƙaru,
tafiya ta koma ta hawainiya.
Fita da ƙarfi, komawa da sauri,
don sanda ta tare wa mai wuri a ɗakin gaba.

Yau famfo lafiya lau, bawul ba shi da laifi.
Na zaro fistan, na haska bututu da tocila,
sai ga zane, siriri kamar gashi.
Ƙwayar yashi guda ta samu shiga,
ta yi ta kai da kawo tun bazara,
ta cinye zoben roba,
mai ya samu ɓarauniyar hanya
daga wannan ɗaki zuwa wancan.
Tan ashirin na ƙarfe,
robar fam goma ta durƙusar da shi.

Yatsun Malcolm tara ne.
Na goman, wani tiyo ya karɓe
tun ban zo duniya ba.
Huda ce kamar ta allura, ido bai gan ta ba,
ya shafa da hannu yana neman yoyo,
mai ya shige masa ƙarƙashin fata.
Ba ya ba da labarin.
Guntun kwali kawai yake saka mini a aljihu kowace safiya:
"Nema da wannan."

Kafin azahar mun goge zanen, mun sa sabon zobe,
mun ɗaure, mun fitar da iska,
sau biyar sanda na fita tana komawa ba kaya.
Sannan na ja liba.
Hannun ya ɗaga, ya tsaya cak a cikin yayyafi.
Muka sha shayi muna kallonsa. Bai sauko ba.

Sai na tuna Funtua, ina ɗan shekara tara,
motar auduga ta yi faci a ƙofar gidanmu.
Kawu Jatau ya ba ni sandar jak, ya ce buga.
Na buga, na buga, taya ta bar ƙasa.
Mako guda ina yawo da ƙirji a buɗe,
ina nuna wa yara damtsena.
Ba wanda ya gaya mini akwai mai a ciki.